Ranar da Bature Ya Yi wa Wilmar Godiya

Wilmar Etchandi bai taɓa zama gwanin ƙwallo ba, kuma duk wanda ya ce maka gwani ne, to bai gan shi a fili ba. Ƙafarsa ta hagu ta tsayuwa ce kawai, ta dama kuwa in ta narki ƙwallo sai a je nema bayan katanga. Abu ɗaya ya iya, ya tsaya gaban mutum ya hana shi wucewa. Ya koye shi ne a gonar shanu da ke wajen Tacuarembó, inda ubansa yake yi wa masu ƙasa kiwo, shi kuma ake tsayar da shi bakin shinge ya tare maraƙin da ya ɓalle. Kowa Vasco yake ce masa, don kakanninsa daga ƙasar Basko suka zo, kuma taurin kan nan nasu bai zubar da ko kaɗan a hanya ba.

Daga ƙungiyar garinsu aka kwashe shi sai Montevideo, babban birnin ƙasarmu. Ya fara da wata 'yar ƙungiya a bayan tashar jiragen ruwa, wadda filinta ya fi ciyawa yawan tsakuwa, daga nan wata babba ta ɗauke shi, har suka ci kofi. Ya yi tsaron baya a Meziko, ya yi a Girka. A can ya baro haƙori guda, ya taho da zagi kala-kala cikin harsunan mutane.

Tawagar ƙasa ta kira shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya sa rigar nan mai launin sararin sama, ya rera taken ƙasa har jijiyar wuyansa ta miƙe, sannan ya je ya zauna a benci. Kullum akwai wanda ya fi shi. Akwai ranar da aka ce ya tashi ya motsa jiki, ya yi ta sassarfa bakin layi, har alƙalin wasa ya busa usur ɗin tashi ba wanda ya waiwayo shi. In ya zo gida hutu, mahautan kasuwa ba sa raga masa.

"Vasco, yaya benci? Da laushi kuwa? Mun gan ka a talabijin, tafi ya yi kyau!"

Sai ya yi dariya, amma abin yana cin sa ƙwarai. Duk duniya ba abin da yake so irin ya taka ciyawar fili sanye da rigar nan, ko na ɗan lokaci ne, kafin ƙafafunsa su ƙi.

Ƙafafun kuwa suka fara ƙi. Aka yanka gwiwarsa ta dama, aka sake yankawa. Ya tattaro ya dawo Tacuarembó yana buga wa ƙungiyar da ya fara da ita, kowace safiya yana gudu a hanyar shanu, kowane yammaci yana ɗaure da ƙanƙara. Matarsa Nibia ta gaji.

"Likita ya ce ka bari, ni na ce ka bari, gwiwar ma ta ce ka bari. Wa kuma kake jira ya faɗa maka, saniya?"

"Masu tawagar ƙasa nake jira," in ji shi. "Ba su ce sun gama da ni ba."

Ana nan sai tsautsayi ya faɗa wa tawagar ƙasa gab da wani wasan share fage. Masu tsaron baya wannan ya karye, wancan ya sha jan kati, wani zazzaɓi ya kwantar. Babban koci ya rasa yadda zai yi, ya tuna da Vasco, ya aiko mataimakinsa ya duba ko gwiwar tana da sauran amfani. Mataimakin wani Bature ne ɗan ƙasar Holan mai suna Veldkamp, dogo, mai ladabi, bai daɗe da zuwa ƙasar ba.

Ya kalli wasan Wilmar ranar Lahadi, ya biyo shi gida. Suka zauna tsakar gida ƙarƙashin inabi. Wilmar ya cika ƙoƙo da ganyen mate, shayin nan namu da ake tsotsa da bututu ana zagayawa, ya tsiyaya ruwan zafi, ya tsotse na farko mai ɗaci da kansa yadda mai gida yake yi, ya sake cikawa ya miƙa wa baƙo.

"To, maigida, kuna bukatata ko kuwa?" in ji Wilmar.

Veldkamp ya kama bututun ya tsotsa, fuskarsa ta yamutse, ya daure ya shanye. Ya miƙo ƙoƙon da hannu biyu, ya yi murmushi.

"Na gode. Na gode ƙwarai."

Mu nan, ko yaron goye ya san ba a yi wa mai zuba mate godiya sai in an ƙoshi. Ka ce na gode, ka ce ya ishe ni, cire ni daga layi. Ga mutum an tambaye shi ana bukata ko ba a yi, ya buɗe baki ya yi godiya har sau biyu! Wilmar ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Bai ƙara miƙa masa ƙoƙon ba. Ya yi ta zubawa yana sha shi kaɗai, ya kafe baƙon da ido, har Bature ya tsargu ya yi sallama.

Nibia ta ji tausayinsa, amma can cikin ranta ta ji daɗi. Ta ce, "Shi ke nan, sun faɗa. Sai ka huta."

Wilmar ya ɗauki ƙoƙonsa ya shige ɗaki. Washegari da sassafe ta tarar yana cusa takalman ƙwallo a jaka.

"Ina kuma za ka?"

"In ji daga bakin babban koci. Ba zan yarda a sallame ni a tsakar gidana da ƙoƙona ba."

Ya hau bas zuwa Montevideo, gwiwar a miƙe a tsakanin kujeru, masu wucewa suna tsallakawa suna tsaki. Ya isa sansanin horo ana tsakiyar atisaye, ba wanda ya gayyace shi. Ya ratsa fili kai tsaye wurin babban koci, wani tsoho mai furfura da ya san shi tun yana matashi.

"Maigida, in kun gama da ni, kai za ka faɗa. Ba ka aiko baƙo ya yi mini godiya ba."

Tsoho ya juya ga mataimakinsa. "Me ka ce masa?"

"Ban ce komai ba," in ji Veldkamp, ya buɗe hannuwa. "Ya ba ni abin sha, na gode masa. Shi ne ya shanye sauran yana hararata."

Kai, ranar an yi dariya! Mai tsaron gida har da kwanciya a ƙasa. Tsoho ya share hawaye, sannan ya daina dariyar ya gaya masa gaskiya: rahoton Bature bai yi daɗi ba, gwiwar ba ta juyawa da sauri, kuma har sun yanke shawarar kiran wani matashi.

"Ni ban zo a ji tausayina ba," in ji Wilmar, yana ɗaure takalmi. "Ka sa wanda ya fi kowa gudu a cikinsu ya wuce ni. In ya wuce ni sau uku, bas na nan."

Aka sa. Yaron ya wuce shi a karon farko kamar iska. A na biyu Wilmar ya riga shi wurin. A na uku yaron ya tsinci kansa a ƙasa yana neman ƙwallo, ita kuwa tana bayan katanga. Tsoho ya sosa ƙeya, ya ce a ba Wilmar ɗaki a sansanin.

Ranar wasa, da la'asar, babban filin Montevideo ya cika maƙil, Wilmar kuma yana inda ya saba, a benci. Muna gaba da ci ɗaya, baƙi sun matsa mana lamba, sai ga wani mai tsaron bayanmu ya dafe cinya ya zauna. Canji ɗaya ya rage. Tsoho bai ma juyo ba, ya ce, "Vasco." Nibia tana can sama cikin jama'a, ta rufe fuska da gyale don tsoro.

Ya tsallaka layi. Ƙwallon farko da ta zo sama ya sa goshi ya mayar. Ta biyu ɗan wasan gabansu ya kubce da ita ta gefe, saura shi da mai tsaron gidanmu, Wilmar ya zube ƙasa ya miƙa ƙafar dama ya ɗauke ta. A nan gwiwar ta yi ƙara, shi da kansa ya ji, ya kuma san ta tafi ke nan. Babu sauran canji, sai ya tashi ya tsaya gaban raga a kan ƙafa ɗaya da rabi, yana yi wa na kusa da shi tsawa, duk abin da ya taho ya tare da ƙirji ko da kai, har aka tashi muna nan da ci ɗayanmu.

Masu gadon ɗaukar marasa lafiya suka sheƙo a guje. Ya daka musu harara.

"Ku ajiye abin nan. Tun ina da gashi a kai nake neman shigowa nan, ku kuma kuna gaggawar fitar da ni?"

Ƙofar fita tana can ɗaya ƙarshen filin. Ya kama hanya shi kaɗai yana jan ƙafa, hawaye na zuba bai share ba, jama'a a tsaye ba wanda ya tafi gida. Ya daɗe ƙwarai kafin ya kai layin, kuma bai sake buga ƙwallo ba.