Ranar da Baba Ya Zo Rage Wardi

Maigidana direban babbar mota ne a shekarun da kuɗin mai suka ɓarke, lokacin da kowa ya raina ginin laka, shi kuma yana jigilar siminti daga Kaduna zuwa garuruwanmu. Muna zaune a Sheme, a gidan iyayensa. Ba ya dawowa hannu rabbana, yau rediyo, gobe kwanon samira. Wata rana sai ga shi da wani ɗan icce a gwangwanin madara, duk ƙaya. Ya ce wardi ne, mai ban-ruwan furanni a gidan wani ɗan kwangila ya ba shi. Na tambaya ko ana miya da shi, ya ce a'a. Ko magani ne, ya ce a'a. Na ce to a miƙa wa akuya, ita ba ta da zaɓe.

Ya yi dariya, ya dasa abinsa a gefen rijiya, daidai ƙofar ɗakina, ya kewaye shi da kara. Sannan ya kamo yatsana ya ɗora a kan wani ƙulli da ke jikin iccen, ɗan sama da ƙasa.

“Ɗan aure ne, kamar mangwaro,” in ji shi. “Gindin na daji ne, saman shi ne wardin. Duk abin da ya toho ƙasa da ƙullin nan ki fizge shi. Za ki ga ya fi kyau, ya fi ƙarfi, amma ba ya ba da furen, kuma shi zai shanye na saman.”

Sau ɗaya ya yi fure a gabansa, ja wur, da ƙamshin da ya sa na daina zancen akuya, ko da yake ban taɓa ce masa ya yi gaskiya ba. Da farkon damina motarsa ta kife a hanyar Funtua. Da la'asar aka kawo shi.

Na shiga takaba a gidan. Makonnin farko ko ruwan alwalata sai an tuna mini, balle wani icce. Da na dawo hayyacina na leƙa, sai na tarar wardin ya yi sabon mai kula, wato surukina, Baba. Mutumin da a da yake cewa shuka abin da ba a ci aikin 'yan birni ne, shi ne yanzu yake zuwa kowace safiya da butarsa, ya tsuguna, ya cire ciyawa da farce. Shekarun nan gwamnati ta cika ƙauyuka da takin zamani, ya riƙa barbaɗa masa kamar masara. Takin kuwa gindin ya fara samu. Rassa uku suka ɓullo ƙasa da ƙullin, kore shar, suna tsawo kamar ana jan su. Na gaskiyar ya tsaya a tsakiyarsu siriri, ganyensa ya fara rawaya.

Wanda bai zauna da suruki a irin gidajenmu ba zai ce ai sai ki gaya masa. Tun da aka kawo ni daga Ƙanƙara ban taɓa haɗa ido da Baba ba. In ya yi gyaran murya a zaure, ni na shige ɗaki. Gaisuwa daga durƙushe, fuska a gefe, kuma iyakarta ke nan. In yana da magana da ni, Inna matarsa yake faɗa wa, ko da ina tsaye a wurin. A ce kuma ni, a cikin takabar ɗansa, in fito in gyara wa manomin da ya tsufa a kan fartanya aikin shuka? Ko tunanin abin sai da ya sa ni gumi.

Na gwada ta ɓoye. Ran nan ya tafi masallaci da azahar, na fito na fizge ɗaya daga cikin ukun na tura a murhu. Da ya dawo ya gani, sai ya ɗora wa akuyar Inna laifi. Ya ɗaure ta a turke, washegari ya sa aka kai ta kasuwa. Ya saro ƙayar bagaruwa ya yi wa wardin shingen da ko hannu ba ya shiga, ya kuma dawo da buzunsa gindin rijiyar. Na rasa akuyar da nake zolayar marigayi da ita, rassa biyu kuma suka ƙara ƙiba.

A kan siririn ne na hango ɗan tohon fure, ƙwaya ɗaya, bai kai gyaɗa ba. A ranar kuma na ji Baba yana gaya wa Inna, da ƙarfi yadda zan ji:

“In an yi ruwa gobe zan rage shi. Wanga ƙanƙanen na ci ma 'yan'uwanshi abinci a banza.”

Haka ake yi wa gero. In ya fito da yawa a rami ɗaya, sai a cire raunana a bar masu ƙarfi. Duk manomin kirki haka zai yi, kuma Baba manomin kirki ne.

Na samu Inna a madafa na roƙe ta ta gaya masa. Na yi mata bayanin ƙullin har sau biyu. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

“Ke ɗiyata, rufa mani asiri. Tun rasuwar nan wanga icce kaɗai ke tada shi daga shimfiɗa. In tahi in ce mashi bai iya ba? Icce dai icce ne.”

Na ji haushinta ƙwarai, har yau ma ina ji, ko da yake na san tsoron me take yi. Na koma ɗaki ina addu'ar kada a yi ruwa, ni 'yar manoma, a tsakiyar damina.

Aka yi ruwan. Da safe Inna ta bi matan unguwa zuwa Faskari gaisuwar mutuwa, gidan ya rage daga ni sai Baba. Ina bayan asabarin ƙofata na ji gyaran muryarsa. Ya ajiye buta, ya janye ƙayar a hankali, reshe bayan reshe. Ya zaro 'yar wuƙarsa daga kube ya goga ta a bakin rijiya. Rediyon marigayi ƙaninsa ya ɗauka, tufafinsa an rabar, motar dama ba tasa ba ce. Abin da ya rage wanda hannunsa ya dasa shi ne wannan siririn, ga shi Baba ya kama shi da yatsu biyu ya lanƙwasa.

Ban san lokacin da na ɗaga asabarin ba. Na dai ga kaina a durƙushe a cikin taɓo, mayafina ya jiƙe.

“Baba, ba shi ba.”

Muryata ta fito kamar ta wata. Bai juyo ba, wuƙar kuma ba ta matsa daga jikin iccen ba. Na ga wuyansa ya sandare. Na yi zaton zai tashi ya fita, daga nan kuma ba ni da sauran fuska a gidan.

“Mi kika ce?” Bango yake kallo.

Na faɗa masa, kaina a ƙasa, kamar yadda aka faɗa mini: ƙullin, gindin daji, da wanda ke fure. Na ce manyan su ne za su kashe shi.

“Shi ya gaya maki haka?”

“Shi ne, Baba.”

Ya saki siririn, reshen ya koma tsaye yana lilo. Wuƙar ta riga ta ɗan ci ɓawonsa, wurin ya yi fari. Baba ya shafa manyan rassan nan biyu da ya yi wata da watanni yana ciyarwa, daga gindi har sama, bai damu da ƙayar ba.

“Wato a cire masu ƙarfi,” in ji shi, “a bar wanda ya kusa mutuwa.”

Na ce haka ne.

“To. Ai ni ma haka aka yi mani.”

Ya yanke su da kansa, ɗaya bayan ɗaya, dab da gindi. Ya ɗebi taɓo ya shafe inda ya ji wa siririn ciwo. Sannan ya goge wuƙar a gefen rigarsa, ya miƙo ta baya ba tare da ya waiwayo ba, ya ce in riƙe ta a wurina, in wani reshen dajin ya sake fitowa in cire, shi hannunsa ba zai yarda ya ƙara ba.