Firijin Baban Allura

Shekara ashirin da shida Baban Allura ya yi a ƙaramin asibitin bayan kasuwa, ɗaki biyu da baranda. Shi ne mai allura, shi ne mai ɗaurin ciwo, ran da mai shara ta yi fashi kuma shi ne mai tsintsiya. Ba abin da ke ƙona masa rai irin saran maciji. Duk damina ana kawo masa manoma a kan babur, ƙafa ta kumbura kamar turmi, shi kuwa ba shi da maganin dafi. Sai ya rubuta takarda ya tura su babban asibiti, tafiyar awa huɗu. Da yawa a hanya suke cikawa.

Da ya ji a rediyo 'yan majalisar jam'iyyu biyu, waɗanda ko ga maciji ba sa yi da juna, sun haɗa kai kan dokar kai maganin dafin ƙananan asibitoci irin nasa, har rawa ya taka. Ya wanke firijin asibitin tas don ajiye maganin, ya kwashe robobin ruwan da ma'aikata ke sanyayawa, ya hana kowa taɓa shi.

Abu ɗaya ya rage: wa zai zaɓi asibitocin da za a fara kai wa? 'Yan adawa suka ce a kafa kwamitin haɗin gwiwa. Shugaban majalisa ya ce ofishinsa kaɗai. Suka sauko, suka ce to ya shugabanci kwamitin. Ya yi kememe ya ƙi, ya buga guduma aka tafi hutu, doka ta bi ruwa. Washegari ya fito a rediyo yana alfaharin wai ya tsaya kan aƙida. Aƙidar banza! Mutumin da ko ƙadangare bai taɓa shiga takalminsa ba.

"Baba, mu mai da ruwanmu firiji?" in ji mai shara.

"Bari tukuna, ƙila su dawo hankalinsu."

Da azahar ɗin wata Laraba aka sauke ƙanwar Baban Allura daga babur, an ɗaure mata ƙwauri da ɗankwalinta. Wurin cirar ciyawa kububuwa ta same ta.

"Yaya," ta ce tana haki, "ai an kawo maganin ko? Kai ka ce mana an kusa."

Ya san abin da ke ciki, amma sai da ya buɗe firijin. Sanyi ya bugi fuskarsa. Ya rufe, ya jawo takarda, ya rubuta sunanta.