Ƙwarya Biyu ta Malam

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, in na tsaya kuka a jira ni. Ku mutanen Dogon Dutsi kun san mijina. Yaran lakwal, makarantar bokon da yake koyarwa, suna ce masa Mushe, wai haka ake kiran malami da Faransanci, ni dai Malam nake cewa, ban yarda a kira shi da sunan abin da ya mutu ba a yanka ba. Kun kuma san ba a gaya masa magana bai ce, "Da me aka gwada?" ba. Wai a makarantar horon malamai ya karanto wani abu, sikoloji, ilimin halin mutane. Tun daga nan komai na gidanmu sai an raba shi biyu.

Wata rana ya raba nonon ƙwarya ɗaya gida biyu, ya kai wa abokansa a zaure. Ya ce wannan na Fulanin Sukukutane ne, wancan na garin madara ne da aka dama. Duka suka yabi na Sukukutane. Malam Idi tela har ya ce yana jin ƙamshin ciyawa. Malam ya shigo yana murna, wai ya gano kunne ne ke ɗanɗano.

Na ce, "Malam, ba abin da ka gano. Ina leƙe, in za ka miƙa na Sukukutane sai ka yi murmushi. Fuskarka suka sha."

Kwana biyu bai yi mini magana ba. Rana ta uku ya miƙo mini gawayi. "Rabi, ki yi alama a gindin ɗaya. Kada ni ma in sani." Haka na zama mai gawayin gwaji shekara da shekaru.

Ni ma bai bar ni ba. Ya ɗauki wata guda yana yabon miyata, wata guda ya yi shiru, yana rubutawa a littafi, don ya ga ko yabo na ƙara wa miya daɗi. Da ya gama ya ce watan yabo ya fi.

Na ce, "Watan yabo kaka ce, akwai ɗanyar kuɓewa. Watan shiru kuka muka sha. Kuma tun ranar farko na gane, don kai ba ka yabo sai ka yi tari."

Ya rufe littafin. "To gwajin ya lalace. Amma miyar da daɗi." Bai yi tari ba.

Da ciwon ƙarshe ya kama shi, sai ya bar cin abinci. Likita ya ce in bai ci ba, maganin ba zai zauna ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, ya juya fuska bango. Rana ta huɗu na dama hura, na raba ƙwarya biyu, na shafa gawayi a gindin ɗaya.

Na ce, "Malam, gardama muke da matar Idi. Ɗaya geron kasuwar Ɗan Kassari ne, ɗaya na gonarmu. Ta ce ba mai iya rabewa."

Ya juyo. "Kin yi alama?"

"Na yi."

"To kau da fuskarki."

Na kau da kai ina jin ƙarar ludayi. Ya sha nan, ya sha can, ya koma. Da na waiwayo ƙoren biyu sun yi rabi.

Ya ce, "Gero ɗaya ne. Tun ludayin farko na sani."

"To me ya sa ka sha?"

"Ni ake gwadawa, ba gero ba. Na so gwajinki ya yi kyau."

Kwana goma sha ɗaya na yi ina raba masa hura, yana sha, ba wanda ya ƙara tada zancen. A na goma sha biyu ban samu mai sha ba.

Har yau in na dama, hannuna ƙwarya biyu yake ɗaukowa. Allah Ka ji ƙan Malam, Ka sauƙaƙa masa tambaya, shi da ya sha tambayar mutane. Ka haɗa mu inda ba a raba komai biyu. Amin.