Kask Biyu a Rumfar Luba

Ran Talata na dawo Garwa daga Lagdo da riga mai hannu ɗaya, har ɗan acaɓa yana tambayata ko sabon ɗinki ne. Ɗaya hannun yana rumfar taubashiyata Luba.

Shekara ashirin da biyu Luba tana casar shinkafa da injin gas a Lagdo, tun rasuwar mijinta. Injin ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya kuma cinye mata kunnen hagu. Likita a Garwa ya ce na daman ma ya kama hanya. Maƙwabcinta Hubert, da ya yi ritaya daga aikin madatsar ruwa, shi ya ba ta wani marufin kunne ruwan ɗorawa, ƙato kamar ƙoƙuna biyu, mai aiki da batir. Kask suke ce masa. Yana danne rugugin inji, amma ɗan makirfonsa na shigo da muryar mutum da ƙananan motsi. Da shi take jin dutse a cikin shinkafa kafin ya fasa rariya.

Ni kuwa ɗanta na Duwala ya aiko ni da wani kask na zamani, baƙi sumul, wai yana kashe hayaniya. Na ce mata ta yar da ƙoƙunanta, ta yi kama da kwaɗo. Ba ta musa ba, ta ce in gwada tukuna.

Na ɗora, na kunna kiɗa. Rugugin ya lafa. Na juya baya ina rausaya, ina yi wa mata masu jiran layi gwaninta.

Luba tana zuba shinkafa ta hango babbar rigata tana lilo, taki ɗaya daga bel ɗin injin. Ta kira sunana, ban waiga ba. Ta sake kira, matan suka taya ta, ni ina murmushi, na zaci yabo ne. Sai ta ji kukan bel ya sauya, irin sauyin da ta ji sau ɗaya tak, ranar da wani ɗan dako ya bar yatsu uku a nan. Ta san ko ta kashe injin sai ya yi juyi goma kafin ya tsaya. Ta wawuri taɓaryar da take ajiyewa don wannan rana, ta doki bel ɗin, ya zame daga kan ƙarfensa.

Kafaɗata ta riga ta kai ga ƙarfe. Hannun rigar ya tafi, nawa ya tsira. Luba ta kashe injin, rumfar ta yi tsit, sai ɓuntu ke sauka. Ta zo ta cire min kask ɗin.

Da numfashina ya dawo, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Amma fa Yaya Luba, shirun kask ɗin nan akwai daɗi."

Ta gyara zaman ƙoƙunanta a kunne, ta ce, "Shiru kake so, Ɗanmalam? Da na yi jinkirin numfashi biyu, da ka samu wanda ba ya buƙatar caji."