Bakin da Yayana Ya Ara wa Jarida

Ana saura kaɗan a karɓi mulkin kai, ni da yayana muna ɗinki a rumfa ɗaya a kasuwar Birnin Kebbi. Shi kaɗai ya iya karatun boko a layinmu, don haka duk ranar da motar Argungu ta kawo jarida sai rumfarmu ta cika. Masu albasa, masu shinkafa, kowa ya tsuguna yana cewa, "Malam, karanta muna." Shi kuwa akwai son a saurare shi, har gyaran murya yake yi kamar liman.

Wata rana jaridar ta rubuta cewa ana zargin ɗan majalisar yankinmu da ƙwace fadamun talakawa wajen Augie ya raba wa 'yan'uwansa. Yayana ya karanta. Aka ce ya maimaita, ya maimaita. Kafin mako ya zagayo 'yan doka suka zo suka tafi da shi, igiyar awo na rataye a wuyansa.

Na bi su har gaban alƙali. Yayana ya ce, "Allah shi gafarta malam, ba ni nir rubuta ba. Abin da ac cikin takarda shi nik karanta."

Alƙali ya ce, "Takarda ba ta da baki. Kai kab ba ta naka, kaɓ ɓata sunan mutum cikin kasuwa."

Shaidu kuwa? Su ne dai masu cewa "karanta muna". Ɗaya daga cikinsu rigar da na ɗinka masa ce a jikinsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Jaridar ta buga 'yar ban-haƙuri a can ƙasan shafi, aka ƙyale ta. Yayana aka kai gidan yari, ya yi watanni yana kwasar bahaya. Ko a kotun babu wanda ya tambaya ko an ƙwace fadamun da gaske.

Ya fito a rame, ya koma kan keken ɗinkinsa. Ranar da jarida ta iso da labarin mulkin kai, sai ga mutanen kasuwar nan sun dawo ba kunya, suna washe baki.

"Malam, an ce mun samu 'yanci. Karanta muna mu ji."

Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Idona bai gani yanzu."

Sannan ya ɗauki zare ya zura a kafar allura, tashi ɗaya.