Gabar Baba Tanko Da Naman Shanu

Duk wanda ya taɓa cin tuwon suna ko na biki da Baba Tanko a Mairuwa ya san abin da yake yi kafin lomar farko. Zai yi bisimilla, ya sa yatsa cikin miya yana lalube, ya tsamo tsokar naman sa, ya dube ta sama da ƙasa, sannan ya tura ta gaban na kusa da shi. Ni ne kullum na kusa da shi. Mutane har yaba mini zumunci suke yi, wai ɗan wansa ba ya barin gefensa. Tumbin nan da kuke gani, a gefen Baba Tanko aka aza harsashinsa.

Da can yana cin abinsa kamar kowa. Bayan babban farin nan ne, da kuɗin mai suka shigo gari, kowane mai albashi ya sayi babur ya kuma turke bijimi a bayan gida, manyan motoci suna ta lodin shanu zuwa Kudu. Shanu suka yi yawa, ciyawa ta ƙare tun rani bai yi nisa ba, tafkin bayan gari ya koma taɓo. Sai aka koma wa gawo, tunda shi ne itacen da ke fid da ganye da rani. Aka bi gonaki ana datse rassa har itatuwa suka zama kututture. Baba yana da manyan gawo a gonarsa ta hanyar Tafoki, geron da ke fitowa a ƙarƙashinsu kuwa ya fi na ko'ina. Ranar da ya tarar an yi wa ɗaya aski, ya dawo gida ya ce shi da naman shanu sun raba gari.

Magana ta kai kunnen Liman. Ya tare shi bayan La'asar ya tambaye shi ko yana haramta abin da Allah ya halatta ne.

"Ni kau wane ni, Malam? Halal ne tsaf. Gaba nike da shi. Ai ba a tilasta mutum zama da wanda ya cinye mashi gona."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, bai sake tayar da zancen ba.

Ba shanun ya tsana ba. In an gama girbi shi da kansa yake kiran makiyaya su shigo da garke, su ci kara su bar masa taki, nono kuma ba ya wuce shi. Haushinsa mu ne, mu da a da sai Sallah muke ganin naman sa, yanzu kuma kullum sai mun yi sakace. A gidansa wake ne da daddawa da ƙuliƙuli da zogale, sai zabin da yake kiwo, sai soyayyar fara da yake ci da gayya. Yakan ce fara ta ci geronsa, shi ma ya ci ta, sun yi kunnen doki. Amma sa ya ci itacensa, ya shanye tafki, a kuma ce ya je kasuwa ya sayo shi da girma da arziki?

Ni a lokacin na samu aikin akawu a Funtuwa, kaina ya kumbura. Da Sallah ta zo aka yi watanda, aka haɗa kuɗi aka yanka saniya ana rabawa kashi-kashi, sai na biya wa Baba kashi ɗaya a gaban jama'a don a san yaro ya zama mutum. Ya karɓa, ya sa mini albarka, ya wuce kai tsaye gidan Iya Mairo mai daddawa ya yi musaya da kwando guda. Ni kuwa na riga na ce wa matata ta wanke babbar tukunya, don a tunanina naman gidanmu zai dawo. Da yamma aka kawo mana daddawa biyu a faifai, wai tukwici.

Duk wannan bai koya mini hankali ba, ni ma na turke sa. Rani ya tsananta, dusa ta yi wuya, haƙarƙarin sa ya fara fitowa. Na tuƙa babur har gona cikin wandona na ofis, na tarar da Baba a inuwa yana gadin itatuwansa. Na yi gaisuwa mai tsawo, na roƙi 'yan rassa kaɗan. Ya ce ga tsani, ga gatari, in hau. Da ina da wayo, da sauƙin nan ya tsorata ni. Ina kaiwa sama ya janye tsanin, ya kwantar da shi, ya zauna a kai, ya kwance ƙullin fararsa. Wanda bai san ƙayar gawo ba, Allah kada ya sanar da shi.

"Mi ka hango daga nan?"

Na duba. Har wajen garin Ruwan Godiya kututture ne tsaye, iska na kwasar ƙasar gonaki tana tafiya da ita. Raina ya ɓaci, don ban taɓa ganin abin a haɗe haka ba. Na gaya masa abin da na gani.

"To in ka sare wanga, ɗiyanka su noma mi? Ƙaho za su ci?"

Sai da ya gama fararsa tas ya mayar da tsanin. Na sauko wando a yage ta baya, daidai lokacin da matan gari ke wucewa daga ɗiban ruwa. Ya ba ni buhun 'ya'yan gawon da suka faɗo da kansu, ya ce su kaɗai ya yarda a taɓa. Da na sayar da san, mahauci ya tambaye ni ko azumi yake yi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira ni. Ya ce gona ta 'ya'yansa mata ce, amma itatuwan amana ce a wuyana. Na ce, "Baba, duk dangi a rasa wanda za a ba sai ni, da bakina ba ya rabo da tsire?"

Ya kama hannuna. "Kai kaɗai ka hau ka gani."

Har yau in na ji ƙanshin balangu ƙafata kan tsaya da kanta, ba zan yi muku ƙarya ba, sai dai na koyi wucewa in je gida in ci wake. Duk rani kuma ina can gindin gawo da sanda, ina faɗa da masu gatari, ana yi mini irin dariyar da muka yi masa. Itatuwan suna nan tsaye, 'ya'yansa suna cika rumbu a ƙarƙashinsu. Wani lokaci in na zauna ni kaɗai sai kewarsa ta kama ni.

Allah ya jiƙan Baba Tanko, ya yafe masa. Ya bar mana inuwa a duniya. Allah ya sa shi a inuwarsa ranar da babu wata sai ita.