Zaman da Ya Gagari Yaya

Yayata tela ce. Da keken ɗinki na ƙafa ta raini ƴaƴa uku bayan rasuwar mijinta, a wani ɗan shago mai tebur ɗaya, dutsen guga, da madubin da ya tsage a gefe.

Da ciwon daji ya kama ta, aka cire mata nonon hagu, aka yi ta ɗura mata magani har gashinta ya zube. Ta tashi. Dangi suka cika gida da barka, amma ba wanda ya tambayi yadda maganin ya bar ta. Al'ada ta ɗauke mata farat ɗaya, gabanta ya bushe, yana raɗaɗi kamar an zuba barkono. Zama a kujera azaba, taka keke kuwa ba a magana. Ta sa matashi, ta ninka zani, ta zauna a karkace, duk a banza. Kafin ta gama riga ɗaya ta miƙe ba adadi. Masu kawo ɗinki suka fara zamewa.

Ni kaɗai ta faɗa wa, tana wasa da almakashi don kada mu haɗa ido. Na ja ta asibiti.

Likitar ta ce maganin da aka saba ba mata masu irin wannan matsalar, ba za ta yi gaggawar ba Yaya shi ba, saboda irin ciwon da ta yi. An gwada man shafawa, bai tsinana komai ba. Sai ta kawo zancen wata na'ura mai aiki da haske, leza.

"Ba na miki alkawari, Mama. Wasu suna jin sauƙi, wasu ba sa ji. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne."

"Zan iya zama a kekena?"

"Mu gwada."

Babban ɗanta ne ya kai mu asibitin ranar farko. Matarsa, uwar son jin ƙwaƙwaf, ta tambayi sunan aikin, ta duba a waya. Me za ta gani? Tallace-tallacen masu cewa za su mai da tsohuwa yarinya.

Ina falon Yaya ranar da surukar ta saki zancen, ana cikin cin abinci.

"Umma, ashe shiri ake ba mu da labari! Wane ne mai sa'ar? A gaya mana mu fara ɗinki."

Autar Yaya ta tuntsire da dariya har ta ƙware. Ɗan kuwa ya ɓata rai.

"Haba Umma, a shekarunki? In aka ji a waje fa?"

"Rufe min baki, mara kunya!" na ce. "Zaman da ta yi a keke shi ya mai da kai mutum. Zaman take nema, ba miji ba."

"Inna, ai ta warke," ya ce min. "Ta gode wa Allah mana."

Yaya ta ture kwanonta, ta shige ɗaki. Tafiyar ma a hankali take yin ta.

Ranar komawa asibiti na zo da mayafina a kafaɗa, na same ta tana shara.

"Ba inda za ni," ta ce. "An yanka ni, an aske ni ba da aska ba, ban ji kunya ba. Amma yaran da na goya su dube ni haka? Bar shi kawai."

Na roƙa, na yi faɗa, har kuka na yi. Ta kafe.

Yanzu a shagon wata da ta koya wa aiki take yanka yadi, a tsaye tun safe har yamma, ƙafafunta sun kumbura kamar an hura. Kekenta yana lungu, surukar tana jibga masa wanki, tana gaya wa baƙi wai Umma hutu take.

Ban san ko na'urar nan za ta yi mata amfani ba. Likitar ma ba ta sani ba. Abin da ke ci min rai, ko damar ganowa ba a bar mata ba.